Ranar Da Kunun Aya Ya Koma Gona

A ƙauyenmu da ke bayan birnin Balensiya, in ka ji an ce "Bar mini wannan," ba sai ka waiwaya ba, Batiste ne. Tsohon direban bas ne, shekara talatin yana bin hanya ɗaya tak, daga dandalin ƙauye zuwa birni ya dawo, amma in ya zauna ba da labari sai ka rantse duniya ya zaga. Babu abin da bai iya ba. Shi ya taɓa gyara agogon coci, kuma tun daga ranar agogon yake buga sha biyu duk lokacin da ya ga dama. Ba mugu ba ne, a'a. Matsalarsa ɗaya ce: in bakinsa na aiki kunnensa ba ya yi, bakin kuwa ba ya zuwa hutu.

Matarsa Roser ita ce mai teburin gindin ɓaure. Kowace shekara ranar Asabar ta bikin gari, 'yan badujala kan zaga ƙauye suna busa tun azahar, ƙarfe shida daidai su tsaya a gindin ɓauren dandali maƙogwaro a bushe, a ba su kunun aya mai sanyi da farton, siririn burodin nan mai sukari a baya da ake tsomawa a kofi. In sun sha, sai duk gari ya sha. Teburin na uwar Roser ne, kafin ita na kakarta. Ƙa'idar ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta: shekarar da 'yan badujala suka iso ba su sami kunu ba, tebur ya bar gidan ke nan, ya koma hannun wanda ya shayar da su. Doloretes, maƙwabciyarsu ta tsallaken titi, shekara goma sha tara tana jiran wannan rana ta tagar ɗakinta.

Ranar Litinin, saura kwana biyar biki, Roser ta zame a matakala, hannun dama ya karye. Aka dawo da ita daga asibiti an naɗe shi har gwiwar hannu. Ta zauna a kicin tana kallon injin markaɗenta, hawaye na zuba.

Batiste ya ce, "Haba Roser, kuka kuma? Ina raye? Bar mini wannan."

Ta ce, "Abin da nake wa kukan ke nan."

"Kunun aya fa! Aya ce da ruwa da sukari. Ni da na tsallake da mutum sittin cikin ambaliya?"

"Mutum shida ne, kuma a kan rufin motar suka wuni."

"To ba sun tsira ba? Ke lita tamanin kike yi. Ni ɗari biyu zan yi, har karnukan garin nan sai sun ƙoshi."

"To ka ji, Batiste. Ita aya in ka jiƙa ta, kada ka..."

"Na sani, na sani. Ki huta."

Ta dube shi, ta dubi hannunta, ta share hawaye. Can ta ce za ta ɗan fita shan iska. Shi kuwa yana can yana auna kicin da taku, bai ma ga inda ta nufa ba.

Kafin Laraba babu wanda bai ji labari ba, domin Batiste da kansa ya raba shi gida-gida. A shagon gahawa ya iske Kawu Nelo, tsohon da ke riƙe da mabuɗin ƙofar magudanar da ke shayar da gonakin ayarmu, gonarsa ce ta ƙarshe a bakin ruwan.

Kawu Nelo ya ce, "Yauwa Batiste, kai kaɗai ban gaya wa ba. Bana saboda ƙarancin ruwa an sauya ranar rabo. Wannan makon..."

"Kawu, ni za ka koya wa rabon ruwa? Alhamis! Tun ba a haife ni ba Alhamis ake buɗe ƙofa. Kai dai ka zo ranar Asabar da babban kofi."

Bai jira amsa ba ya juya wurin Kiko mai burodi, wanda ke zaune da gari har a gira.

Kiko ya ce, "Farton ɗari uku, kamar kullum?"

"Guda ɗaya."

"Ɗaya?"

"Ɗaya tak. Amma mita biyar."

"Batiste, tandata mita biyu ce."

"Gasa shi kashi uku, ka liƙe da sukari."

"To a wane kofi za a tsoma shi?"

"Kai dai gasa. Masu tunani sun riga sun yi tunani."

Da ya dawo gida, Doloretes ta leƙo ta taga, murya kamar zuma. "Maƙwabci, in aikin ya yi maka yawa, ina nan fa."

"Ci gaba da zama a tagar, Doloretes. Ta saba da ke."

Alhamis da yamma ya kinkimo aya buhu biyu ya hau da su bene. Bokitan Roser ya ce na wasan yara ne. Ya juye ayar a bahon wanka har baki, ya cika da ruwa, ya bar famfo yana ɗiga don kada ta ji ƙishi, ya ja ƙofar banɗaki ya rufe.

Da safe ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ya tura, ta ƙi. Ya ja da baya ya doke ta da kafaɗa. Ashe aya ta sha ruwa ta kumbura ta ninka, ta cika baho ta zubo ta taru a bayan ƙofa tana jiran mai buɗewa. Tana samun hanya ta kwararo. Batiste ya taka ta, ƙafafunsa suka yi gaba suka bar shi, ya sauko matakala goma sha huɗu a kan mazaunansa, aya na raka shi hagu da dama, bai tsaya ba sai tsakiyar titi.

Doloretes na shara a ƙofar gidanta. Ta ce, "Sannu da saukowa, maƙwabci. Yau ba ka bi ta kowace tasha ba."

Ya miƙe yana dafe da ƙugu. "Gwada ta nake. Ayar da ba ta gangara da kyau ba ta jiƙu ba. Ku mata ba kwa bincike."

Wunin Juma'a a tsugune ya yi shi, yana tsintar aya a ƙarƙashin kujeru da cikin takalma, kajin unguwa na taya shi ba tare da ya roƙe su ba. Ya nemi ɗan gwangwanin marigayiya surukarsa, wanda Roser ke ajiye kirfa da ɓawon lemon tsami da sauran abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, bai gan shi a inda yake zama ba. Ya ce dama ba ya buƙatarsa, wanda hannunsa ke da albarka ba ya neman gwangwani. Roser kuwa kullum sai ta ce za ta fita shan iska, ta daɗe ba ta dawo ba.

Asabar da sassafe ya yi markaɗe, abin mamaki ba a yi ɓarna ba. Sai aka zo tata. Ya zuba ƙullun a ƙyalle ya matsa, ya matsa, jijiyar wuyansa ta miƙe, abin da ya fito bai cika kofi biyu ba. Ya dubi tulin da ya rage. Ya dubi agogo. Sai idonsa ya faɗa kan injin wanki.

"Roser! Shi injin wanki, in ya gama wanki, me yake yi?"

Daga ɗaki ta ce, "Matsa. Me ya... Batiste! Kada ka..."

"Na sani!"

Ya cusa ƙullu a rigunan matashin kai guda huɗu, ya ɗaure bakinsu, ya danna cikin inji, ya sa bakin tiyo a bokiti, ya murɗa. Da farko abin gwanin sha'awa, farin kunu na tsiyaya, Batiste na tafa wa kansa. Can inji ya soma rawa. Daga rawa ya soma tafiya, ya ratso kicin yana buga ƙasa har inda wayarsa ta ƙare. Rigar matashi ɗaya ta fashe. Tiyo ya yi tsalle ya bar bokiti, ya wanke silin, ya wanke Batiste, ya leƙa ta taga ya yi wa shanyar Doloretes feshi tun daga zanen gado har safa.

Da aka kashe wuta, abin da ke cikin bokiti kumfa ne har yana tudu. Batiste ya ɗanɗana, fuskarsa ta yamutse, ya yi maza ya gyara ta.

"Yana da ɗan ƙamshin furanni."

Roser ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Duk wanda ya sha wannan, cikinsa zai fita fes. Saura guga."

Daga tsallake Doloretes ta ɗaga wani ɗan kamfai yana ɗiga. "Maƙwabci, na gode da wankin! Sai dai zaƙin ya yi yawa!"

Ya ce dama gwaji ne. Ya zubar, ya ciro labulen falo, ya ɗaure gefe ɗaya a ƙarfen taga, ya soka sanda a ɗaya gefen, ya yi ta murɗawa har azahar. Gaskiya a faɗe ta, ya sha wuya, kuma ya tace jarka goma sha biyu cif. Ya zuba sukari ya ɗanɗana, ya ji ana iya sha. Nan take ya manta da ƙugu, ya manta da inji, ya fito ƙofar gida yana tambayar masu wucewa ko sun san lambar gidan jarida.

Sai dai watan Agusta ne, kuma kunun aya ba ya shiri da zafi, in aka bar shi awa uku sai ya yi tsami. Firjin gidan ko jarka ɗaya ba ya ɗauka. Ƙanƙara kuwa bai saya ba, ranar biki kuma ko ta sawa a ido ba ka samu.

"Kakanninmu da firji suka yi?" in ji shi. "Ga magudana nan Allah ya ba mu."

Ya loda jarkoki a baro ya kai bayan gari. Ranar da ba a buɗe ƙofa ba, ruwan magudana iyakarsa ƙwauri, ga sanyi, ga inuwar kara. Ya jera su a ƙarƙashin 'yar gada inda idon Doloretes ba zai kai ba, ya sassauta murafensu don kunu ya sha iska. Yana haurowa wando a naɗe, sai ga Kawu Nelo a kan keke, ƙaton mabuɗin ƙarfe a kafaɗa.

"Batiste, me kake yi a cikin magudana? Yau fa ƙarfe biyar..."

"Shida, Kawu, shida! Tsufa ya fara taɓa ka. Ƙarfe shida ake sha, kada ka makara."

Tsoho ya buɗe baki, ya ga Batiste har ya yi nisa da baronsa, sai ya girgiza kai ya taka kekensa. A wurinmu kuwa rabon ruwa ba ya jiran kowa, ko minti ɗaya ba a ƙara masa.

Biyar da kwata Batiste ya sa farar riga, ya shafa mai a gashi, ya tafi gidan burodi. Kiko ya cika alkawari: ga farton mita biyar kwance a kan tsani, sai ƙyalli yake. Suka ɗauka, Batiste a gaba, Kiko a baya. A lungun farko suka maƙale, kai ya shiga, jela ta ƙi juyawa. Suka koma da baya, suka kusa cire wa wata tsohuwa hula, suka ture tukunyar fure biyu. Dole suka zaga ta hanyar bakin magudana, wadda ba ta da kwana.

Nan suka yi kiciɓis da 'yan badujala, duk gari na biye da su. Aka ga farton, aka sa ihu da tafi. Batiste ya ji kansa ya yi girma har hular sarki ba za ta shige shi ba. Ya shige gaban mabusa yana taku da kiɗa, yana ɗaga wa mata hannu ɗaya, Kiko na baya yana roƙonsa ya riƙe tsani da hannu biyu.

Sai mai ganga ya soma lafawa. Mai kakaki ya sauke kakakinsa. Kowa ya juya yana kallon gefen hanya.

Magudana ta cika maƙil tana gudu, ruwanta fari tas. A kai kuwa ga jarkoki suna tafe a jere kamar agwagi, kowace tana aman kunu ta baki.

Wani ya ce, "Batiste, waɗannan ba naka ba ne?"

Gabansa ya faɗi, amma bakinsa ya riga shi. "Da gangan ne! Ta ruwa nake kai su dandali, kada su sha rana!"

Kiko ya ce, "Magudanar nan ba ta bi ta dandali. Gonar Kawu Nelo ta nufa."

"Na sa..." Bai ƙarasa ba. Ya fizgi farton daga kan tsani, ya saɓa a kafaɗa, ya zuba da gudu. Jama'a suka bi shi. 'Yan badujala, da yake ba su da tausayi, suka ɗauki kiɗan sauri suka rufa masa baya, mai ganga na buga daidai da sawunsa. Wata mata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, aka ratse ta aka wuce.

A inda magudana ta tsuke ya sha gaban jarkoki. Ya durƙusa, ya gitta farton daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya danne da ƙirji. Jarka ta farko ta zo ta tsaya. Ta biyu ta tsaya. Ta uku, ta huɗu, duk suka taru suka yi cirko-cirko. 

Batiste ya ɗago kai, baki har kunne. "Kun gani? Kiko, kai da kake tambayar kofin da za a tsoma shi! Masu tunani..."

Shi farton abu ɗaya aka yi shi dominsa, ya sha kunun aya, kuma Kiko gwani ne. Burodi ya sha, ya sha, ya yi nauyi, ya lanƙwashe a tsakiya. Sukarin da aka liƙe shi da shi ya narke. Ya rabu uku kamar yadda aka gasa shi, Batiste ya bi na tsakiyar da ka, tsundum.

Ruwa ya tafi da shi rungume da jarka, yana nutsewa yana tasowa, har ya ajiye shi a zaune cikin gonar aya, laka har ƙirji, guntun burodi a ka. Kawu Nelo na tsaye da hauya yana kallon farin ruwa na bin kunyoyinsa.

Tsoho ya ce, "Shekara hamsin ina shayar da aya, yau na fara ganin an dawo mata da kununta." Ya dubi Batiste, ya ga bakinsa cike da ruwa, ya ga dama ta samu. "Asabar, ƙarfe biyar. Can aka mayar da rabon ruwan. Abin da nake son gaya maka ke nan tun Laraba."

Daga nesa agogon coci ya buga sha biyu. Kowa ya duba na hannunsa, ƙarfe shida ne. 'Yan badujala suka juya suka nufi dandali, jama'a suka bi su suna share hawayen dariya.

A nan ne abin ya daina ba Batiste sha'awa. Ya tuna tebur. Ya tuna farin ƙyallen da surukarsa ta yi wa ado da hannunta, wanda Roser ke gogewa tun saura mako guda. Shekara sittin da wani abu teburin nan yana gidansu, shi kuma ya aika da shi gona cikin wuni ɗaya. Ya tashi ya bi bayansu a hankali, takalmi ɗaya, yana ɗiga.

Tun daga bakin dandali ya hango abin da yake tsoro. 'Yan badujala na gindin ɓaure, kowa da kofi, Doloretes na zuba musu daga tulu mai raɓar sanyi.  Sai da ya matso ya ga Roser zaune a ɗaya gefen teburin, tana miƙa ƙananan farton da hannun hagu daga wani ƙaton kwando. Kiko ya kawar da kai yana fito.

Tsohon mai kakaki ya kurɓa, ya lumshe ido. "Kai! Wannan ai hannun marigayiya ne. Ko a mafarki na sha zan gane shi."

Batiste ya duba. Ga ɗan gwangwanin nan a kan tebur, a buɗe, a gefen Doloretes.

Ya ce a hankali, "Roser, gwangwanin Inna ne wancan?"

"Shi ne."

"Kin gaya mata abin da ke ciki?"

"Duka. Ni na faɗa, ita ta matsa."

"Teburin fa?"

"Rabi nata, rabi nawa. Daga yau har abada."

"Tun yaushe kuka shirya?"

"Tun Litinin. Kana cewa in bar maka, na tsallaka titi."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ta dube shi, ba fushi a idonta, sai gajiya. "Sau huɗu na fara, Batiste."

Kunya ta kama shi, da tausayinta. Shekara talatin da ɗaya suna tare ko shi ba ta taɓa buɗe wa gwangwanin nan ba, yau ga shi a gaban matar da ta fi kowa jiran faɗuwarta, kuma shi ya ja. Idonsa ya kawo ruwa. Ya yi sa'a dama a jiƙe yake tun daga kai, ba wanda ya lura sai ita.

Doloretes ta miƙo masa kofi. "Sha, maƙwabci. Wannan bai bi ta gona ba."

Ya karɓa da hannu biyu. Roser ta matsa masa a kan benci, ya zauna, laka da komai. Ya tsoma farton ɗan daidai, ya ci, ya kurɓa. Kunun ya yi daɗi har ya ba shi haushi. Ya sha rabin kofi bai ce uffan ba, kuma har yau dattawan garin na cewa ba su taɓa jin dandali ya yi shiru haka ba.

Sai ya goge baki, ya gyara zama, ya ɗaga yatsa.

"Amma fa ku lura da wani abu. Ayar Kawu Nelo ta bana da sukarinta za ta fito, ba a taɓa yi ba a duniya. Baɗi in Allah ya kai mu, ku biyun ku huta, ku bar mi..."

Roser ta ɗauki farton da hannun hagu, ta tsoma a kofinsa, ta cusa masa a baki har rabi. Doloretes ta miƙo mata wani, ko da za a buƙata. Mai ganga ya ɗaga sanda, aka ci gaba da biki.